Idan rana ta kayar da kunkuru

Kunkuru ba ya gumi, kuma jikinsa ba ya daidaita zafinsa kamar namu. Yadda wurin yake, haka jikinsa yake. In zafi ya ishe shi sai ya ja jiki zuwa inuwa ko ya shige rami, babbar dabararsa ke nan. Wanda aka ajiye cikin akwatin gilashi a bakin taga, ko wanda ya kife rigingine da tsakar rana ya kasa juyowa, ba shi da mafita. Da zarar zafin jikinsa ya haura digiri 40 magana ta koma ta rai da mutuwa, ƙananansu kuwa ba sa daɗewa.

Na ga abin a jikin nawa kunkurun: kumfa a baki, miyau ya jiƙa ƙafafun gaba, wuya a miƙe a ƙasa, ƙafafu sun saki laƙwas. Dabbar da ko inuwar hannu ta gani sai ta shige ƙoƙonta, ga ta ana taɓawa ko motsi.

A irin wannan lokaci hankalin kowa ƙanƙara yake tafiya, ni kuwa ita nake fara hanawa. Sanyi farat ɗaya wata sabuwar illa ce ga jikin da ya riga ya galabaita. Ka kai shi inuwa, ka zuba ruwan da ba sanyi ba zafi a roba mai faɗi ka sa shi ciki, ruwan kaɗan dai, iya inda ƙoƙon ciki ya haɗu da na baya. Ka tallafe haɓarsa da yatsa, domin kunkurun da ya suma ba ya iya ɗaga kai, ruwa kaɗan ma sai ya shaƙe shi. Ka riƙa ɗiban ruwan da tafin hannu kana zuba masa a baya a hankali. Kada ka ɗura masa ruwa a baki, kada kuma ka juya shi don ka duba cikinsa: huhunsa a sama yake, ƙarƙashin ƙoƙon baya, in ya kife sai kayan ciki su danne shi.

Kada ka yi saurin cewa ya mutu. Numfashinsu da bugun zuciyarsu kan yi ƙasa har ido ya kasa gani. Ka ɗan matsa yatsan ƙafarsa, ka taɓa gefen idonsa, ko da ɗan ƙiftawa ya yi, to da sauran rai.

Ko ya farfaɗo ya fara tafiya, ni dai sai na kai shi wajen likitan dabbobi a ranar, in da hali wanda ya saba da dabbobi masu jan ciki. Sau da yawa sukan saki fitsari lokacin da zafin ya kama su, alhali ruwan mafitsarar nan shi ne ajiyarsu. Likita zai ƙara masa ruwa ta allura, ya kuma duba ƙoda, wadda ciwonta kan ɓoye sai bayan kwanaki. A hanya ka shimfiɗa masa jiƙaƙƙen tsumma cikin kwali mai huji, ka kuma tabbata rana ba ta dukansa ta gilashin mota.