Turakun da aka kafa a bayan makaranta

Asabar, bayan sallar isha'i.

Da safe ina hanyar Islamiyya na tsaya na ƙare wa turakun nan kallo. Na siminti ne, gajeru, an shafa musu jan fenti a ka. Sun taho daga bakin titi, suka bi ta bayan firamare, suka ratsa filin ƙwallon yara, ɗaya kuma yana manne da katangar Islamiyyarmu, daidai inda Iya mai ƙosai ke hura wuta kullum. Har ta mayar da shi wurin ɗora robar ƙullu. Ta nan ne za a binne bututun gas mai ƙarfin matsi da zai kai wa masana'antu.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, tabarmi ma ba su ishe mu ba. Wakilin kamfanin ya zo, ya kuma yi magana cikin ladabi. Ya ce ƙarfen mai kauri ne, za a binne shi da zurfi, za a kafa alluna na gargaɗi. Sai Baba Injiniya, wanda ya yi ritaya daga aikin lantarki, ya gyara zama ya ce: "Ranka ya daɗe, ni ba ƙarfen nake tsoro ba, mu nake tsoro."

Ya ce babban abin da ke fasa irin wannan bututu shi ne tono. Ga mai haƙa rijiya, ga mai burtsatse, ga mai ramin masai, ga katafilar gyaran kwata da za ta zo bayan shekaru, direbanta bai san akwai komai a ƙasa ba. Allunan kuwa, in na ƙarfe ne, 'yan jari bola ba za su bari su shekara ba. Daga nan sai wani ya kafa shago a kai, wani ya zuba bola ya cinna mata wuta. Ya ƙara da abin da ya fi tayar mini da hankali: gas ɗin manyan bututu ba irin na tukunyar girki ba ne, sau da yawa ba a zuba masa warin nan da ke sa uwar gida ta gane yana yoyo. Kowa ya yi shiru, domin duk wanda ke wurin ya san halin unguwarmu Baba ya faɗa.

Ni da aka ba ni dama Abule Ado na tuna musu. Ranar 15 ga Maris 2020 aka yi fashewa a kan hanyar bututu a wannan unguwa ta Legas, makarantar 'yan mata ta Bethlehem ta rushe, shugabarta ta rasu wajen fitar da ɗalibai. A nan gida Kano ma, a watan Mayu 2022, mun ga fashewar titin Aba a Sabon Gari kusa da makarantar yara. Wannan ba bututu ba ne, amma duk wanda ya ga iyaye mata suna gudu ba takalmi suna kiran sunayen 'ya'yansu ba ya bukatar ƙarin bayani.

Wani ya ce muna ƙin ci gaba, abin ya yi mini zafi. Mahaifina a masaƙa ya yi aiki a Sharada har aka rufe ta, na san yadda gidanmu ya koma bayan nan. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun AKK a 2020, kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, nake addu'ar gas ya iso, injuna su tashi a Sharada da Challawa da Bompai. Muna so ƙwarai. Abin da muka ƙi shi ne reshen da zai bi ta jikin aji. A kewaya da shi ta inda babu gidaje, ko da kuɗin zai ƙaru.

Na tambayi wakilin rahoton nazarin muhalli, tunda dokar muhalli ta 1992 ta tanadi a yi shi, a kuma ajiye shi inda jama'a za su duba su faɗi ra'ayinsu. Ya ce yana ofis. Mai unguwa ya ce shi dai ba a taɓa kawo masa ba.

Samari sun so su tuge turakun da daddare, Liman ya hana. Ya ce in an yi haka maganar za ta tashi daga tsaron yara ta koma ta ɓarna, kuma gaskiyarsa. Masu filaye biyu sun fi karkata ga karɓar diyya. Ban ga laifinsu ba, rayuwa ta yi tsada, sai dai su filin suke sayarwa, yaran da ke zaune a gefensa na kowa ne.

An tsayar da cewa a rubuta takarda ta bi ta hannun dagaci zuwa hakimi, kwafi ga ma'aikatar muhalli da ɗan majalisarmu. Ni aka ɗora wa rubutun. Hedimasta zai ba ni adadin ɗaliban firamare gobe, na Islamiyya kuwa suna cikin rajistata. Matan unguwa sun aiko cewa kada a kai ta sai sun sa hannu ranar Litinin.