Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Aka Soke Haraji

Makon jiya na tsaya a inda aka naɗa Baffa mai unguwa bayan rasuwar kakanmu. A lokacin magana tana da hanyarta: mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai gaban sarki. Rikicin iyakar gona da ɓarnar shanu duk a zaurenmu ake fara su, yawancinsu ma a nan suke mutuwa. Ni ne mai shimfiɗa tabarma, don haka na ji abin da yayyena ba su ji ba, ko da yake yau su ne ke ba da labarin kamar suna wurin.

A 1976 aka rushe En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, aka kawo ƙananan hukumomi. Amma abin da ya girgiza ƙauyenmu shi ne 1979, da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Mun yi murna, kuma har gobe ina ganin ya yi daidai, don na ga magidanci a shanye a rana saboda kuɗin haraji. Baffa kansa ya sha sayar da akuyarsa ya cike giɓin unguwa. Duk da haka a daren ya ce mini, "Yaro, hukumar da ba ta karɓi sisinka ba, ba za ta ji kunyar idonka ba."

Maganar nan ta dawo mini bayan an cire mu daga Kano an yi Jigawa a 1991, Baffa ya riga ya rasu. Ciyawar kacalla ta toshe mana hanyar ruwa, gonakin fadama suka nutse. Na ja dattawa muka tafi sakateriya. Kansilan da muka yi wa layi a rana bai ko fito ba, sai aike ya yi wai kuɗi suna asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Da gayya muka sare kacallar, da lauje da kwalekwale, ruwa har ƙirji. Kansilan ya san kansa, yana raye.

Ba za ta ji kunyar idonka ba. Ko a 2024 da na ji a rediyo Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ita ce ta fara faɗo mini.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda rawanin ya tsallake ɗakinmu.