Magatakarda biyu da gonar da ta cinye gadonsu

Ma'aikacin biro a Yamai da ke lissafin shekarun da suka rage masa ya yi ritaya ya koma garka, ya kamata ya karanta Bouvard et Pécuchet, ƙagaggen labari na marubucin Faransa Gustave Flaubert. Littafin ya fito a 1881, bayan rasuwar marubucin a 1880, bai ma kai ga kammala shi ba.

Mutum biyu ne, kowanne ɗan shekara 47, aikinsu kwafar takardu da hannu a Paris: Bouvard a wani gidan kasuwanci, Pécuchet a ma'aikatar sojan ruwa. Sun haɗu kan benci ranar wata Lahadi mai zafi, suka ga kowa ya rubuta sunansa a cikin hularsa, abota ta ƙullu. Da gado ya faɗo wa Bouvard, sai suka sayi gida da gona mai hekta 38 a ƙauyen Chavignolles, cikin Normandi, arewacin Faransa.

Babi na biyu shi ne zuciyar littafin a ganina, kuma yana da ban tausayi ƙwarai. Mutanen nan ba malalata ba ne, ba sa wasa da aiki. Matsalarsu ita ce sun rabu da Gouy, manomin da ya san ƙasar, suka riƙe littattafan da ke saɓa wa juna. Pécuchet ya shuka malo iri-iri kusa da juna, irin ya gauraye, 'ya'yan suka fito da ɗanɗanon kabewa. Suka tara alkamarsu tuli-tuli da sauran danshi, bisa wata dabarar Holan, ta ɗau zafi daga ciki har wuta ta kama. Kowa a garin ya san dalili, su kuwa suka ce maƙiyi ne ya cinna. Abincin da suka adana ya ruɓe, tukunyar tace barasarsu ta fashe. Daga nan suka faɗa kimiyyar haɗa sinadarai, likitanci, tarihi, siyasa, duk kanwar ja ce.

Wanda ya san noman albasa a Galmi ko kwarin Tarka zai gane gobarar nan tun kafin ta tashi. Ana tsayar da ban ruwa wajen mako biyu kafin cira, a bari ganye ya kwanta, wuya ya bushe, sannan a ware mai rauni kafin a zuba a rudu inda iska ke ratsawa. Wanda ya yi gaggawa ya tara ta da danshi, ruɓa za ta bi ta daga tsakiya, sai wari ya sanar da shi. Taki mai yawa gab da cira ma yana rage mata daɗewa. Abin da ake koya ke nan a tsugune kusa da mai garka, kuma hekta 38 ta yi wa ɗan koyo yawa. Ɗan fili da rijiya guda ya isa shekarar farko, albashi na shigowa tukuna.

Flaubert bai raina gajiyarsu da tebur ba, ya san ta gaske ce. A tsarin da ya bari na ƙarshen littafin, sun sa an ƙera musu tebur mai mazauni biyu, suka koma kwafa.

Faransancin cike yake da sunayen tsirrai da kayan aiki, don haka a ajiye ƙamus kusa. Wanda lokaci ya yi wa kaɗan, ya karanta babi biyu na farko kafin ya sa hannu a takardar sayen fili.