Kafin a ba ɗalibi waya da batir

Malaman fiziks masu shirya ɗalibai don gwajin lantarki na WAEC ko NECO, ku gwada PhET, shirin kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya a kwamfuta na Jami'ar Colorado da ke Amurka. Kyauta ne, ana sauke shi a kwamfuta a yi aiki ko babu intanet.

A buɗe Circuit Construction Kit, sashen da ake haɗa da'irar lantarki. Ɗalibi ya haɗa batir mai bolt 9 da rizista mai om 10. Amita, ma'aunin amfiya, a jere take shiga, boltmita kuwa, ma'aunin bolt, gefe da gefe da rizistar. Amitar za ta nuna amfiya 0.9. Sai ya ninka rizistar zuwa om 20, amma ya faɗi amsarsa tukuna kafin ya duba: 0.45. In ya haɗa kawuna biyun batirin da waya zalla, wuta ce za ta kama a allon kwamfutar, ba asarar komai.

Sai dai allo ba ya koyar da hannu. A ɗakin gwaji tasha, wato inda ake ɗaura waya, takan yi sako-sako, allurar ma'auni ta koma baya don an juya jan waya da baƙa, ko a bar makulli a rufe lantarki na ta gudana har waya ta ɗumama, karatun ya canza. Waɗannan sai a kan tebur, kuma a sa ɗalibai su duba allurar tana kan sifili kafin a fara.