Kula da matatar saƙonnin banza a imel

Matatar imel mai aiki da lissafin Bayes (wata hanyar auna yiwuwar abu) tana ƙirga yawan fitowar kowace kalma a saƙonnin banza da na ƙwarai, sannan ta yanke hukunci bisa wannan ƙidaya. A tsarinsa na asali, SpamAssassin, wani shirin kwamfuta mai tace imel, ba ya dogara da lissafin sai ya koyi saƙonni 200 daga kowane ɓangare. Sai dai masu aiko da saƙonnin banza kullum suna sauya salo, har sukan cusa kalmomi marasa laifi domin su ruɗa matatar. Shi ya sa nake ganin wajibi ne a riƙa nuna mata kuskurenta nan take, musamman idan ta jefa saƙon ƙwarai cikin shara, a kuma share tsofaffin kalmomin da suka daina fitowa.