Kada ka yanke sifok kafin firwil ya sauka

Jiya a Dilimi, cikin Jos, na ga wani yaro ya kifar da tsohon keke Raleigh, filaya a hannu, zai yayyanke sifok ya fitar da hob, wato cibiyar taya, don gargaren ya lauye. Na ce, "Kai samari, dakata!" Ya ce, "Baba, ai a waya na gani."

Haka na yi wa keken mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya sha hawa zuwa aikin kuza a Bukuru. Ruwan Jos ya cinye gargaren, na ce hob kawai nake so. Na datse sifok tas. Sai ga ni da hob a tafin hannu, firwil, wato haƙoran baya da sarƙa ke ja, liƙe, babu inda zan kama in murɗa. Shi firwil, duk takun feda ƙara ɗaure shi yake yi, kuma faɗin gargare ne ke ba ka ƙarfin kwance shi. Na matse hob a bais, ƙarfen matse abu, ya lotse. Na koma kurfi da guduma, ramukan nan biyu da makulli ke shiga suka zube.

Amma a yi mini adalci: wa ke da makullin firwil a unguwarmu lokacin? Maigidana ma da kurfi yake bugawa, kuma yana fita. To, shi dai bai taɓa yanke sifok ba. Hob ɗin Baba 'yan gwangwan suka kwashe.

Na so in yi dogon bayani, amma ku yaran yanzu ba ku karatu. Ga yadda ake sauke firwil: zuba masa kananzir ya kwana. Sa makullin da ya dace, ɗaure shi da notin aksul kada ya zame, matse makullin a bais, ka kama taya hannu bibbiyu ka juya hagu kamar direban tifa. Da ya ce ƙas, sassauta notin.

Guduma kuwa, kada ka taɓa ta. Sai dai in ramukan sun riga sun cinye: buge murfin firwil da kurfi, shi ta hannun dama yake kwancewa, 'ya'yan boris su zube, ka kama cikin da bais. Firwil ya mutu, hob ya tsira.

In tsohon keken Faransa ne, tiredinsa, wato zaren da firwil ke murɗuwa a kai, na iya zama milimita 34.7, na Ingila 34.8. Kada ka tilasta firwil ɗin wannan a hob ɗin wancan, zai ci tiredin. Kuma shafa giris kafin ka mayar, ku da ko giris sai an roƙe ku.