Tarihin Rayuwata, Kashi na 8: Daren da Muka Ɗaura Amalanke

Makon jiya mun tsaya inda Baba ya kai ni Damagaram karatun kwaleji, ya damƙa ni hannun Kawu a unguwar Zango. Kafin in ba ku labarin aji sai mun koma ƙauye, don hutun daminar 2005 ne ya raba mini zuciya biyu, har yau kuma ba ta haɗe ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a birni shi ne ruwan saye. A garinmu, can kudu da Mirriya, guga da igiya kawai kake nema, rijiya ta kowa ce. A Zango kuwa famfo kan kwana uku bai ɗiga ba, matar Kawu na bakin ƙofa da kuɗi a hannu tana jiran ɗan garuwa. Mushenmu na tarihi ya ce garin a kan dutse yake zaune, kuma ƙarancin ruwa na cikin abin da ya sa Nasara suka mayar da babban birni Yamai a 1926. Icen girki saye, kuka saye, har tsamiyar kunu. Da dare sai in kwanta ina tuna gonarmu.

Gonar nan gawo ne cike da ita. Wanda bai yi noma ba ba zai san darajar gawo ba: da damina yake zubar da ganye, hatsi ya samu rana da taki a gindinsa, da rani kuma ya yi kore, ya ba mu inuwa, ƴaƴansa su ciyar da awaki. In Baba na sassabe ya ci karo da tohonsa, sai ya rage rassa biyu ya wuce. A ƙasar Magariya da Matamaye da Mirriya haka manoma suka mayar da itatuwa cikin gonaki ba tare da sun dasa ko ɗaya ba.

A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a ƙasar. Da na iso hutu a watan Yuli, rumbunmu iska ce a ciki. Buhun hatsi ya kai wajen jika talatin a kasuwa. Inna na dafa tafasa ta kwaɗa da ɗan ƙuli, wasu gidajen har dilon anza suke ci, wanda sai ya kwana da kwanaki a ruwa kafin ɗacinsa ya fita. Amma ga abin da ban taɓa gani a birni ba: duk gidan da aka ji lugude, to za ka ga ƙoƙo yana tsallake darni zuwa maƙwabta. Gwaggo, wadda mijinta ya rasu, gayya aka yi mata aka nome gonarta tas, cikin yunwa, ba ko ladan fura. Mai gari ya buɗe rumbunsa ya auna wa kowane gida tiya biyu, bai rubuta sunan kowa ba.

Cikin wannan hali ne naƙuda ta kama matar Yaya. Shi yana Kano wajen biɗa. Kwana ɗaya da yini tana ɗaki tare da ungozoma, ana rubutu ana jiƙo, tsofaffi suna cewa haihuwar fari ce, a yi haƙuri, ita kuma kunya ta hana ta ko nishi mai ƙarfi. Da la'asar ta biyu aka kai ta ɗakin likitan ƙauyen gaba, irin waɗanda aka gina zamanin Shugaba Tanja. Mai jinyar ya duba, ya fito ya ce wa Baba: "Malam, wannan ta fi ƙarfina. Ku nemi birni yanzu."

Babu waya, babu mota. Muka ɗaura wa sanmu amalanke, shi ma haƙarƙarinsa a waje. Inna ta shimfiɗa tabarma ta ɗora kan surukarta a cinya, ni ina gaba da fitilar hannu. An yi ruwa da yamma, korama ta kawo, ƙafar amalanke ta nutse a laka. Maza bakwai da suka biyo mu, ba wanda ya kira su, suka tuɓe riguna suka sa kafaɗa. Ina jin Inna tana cewa, "Sannu ƴata, riƙe ni, mun kusa," alhali ko rabi ba mu yi ba. Sai da aka kira assalatu muka taka kwalta, muka samu mota. Daga Mirriya zuwa Damagaram kilomita 18 ne, motar ta cinye su kafin in gama share lakar ƙafata. Tafiyar da ta ci mana dare kuwa ba ta kai haka tsawo ba.

An yi mata aiki ta rayu. Yaron, namiji, bai zo da rai ba. Likitar ta ce da jiya aka kawo ta, da labarin ya sha bamban. Kuɗin aikin mutanen gari ne suka haɗa: wannan dala ashirin, wancan dala hamsin, Gwaggo ta aika da akuyarta ɗaya tilo kasuwar Lahadi ta Mirriya. Tsofaffin da suka ce a yi haƙuri su ne suka kwance bakin zanensu. Na daɗe ina neman wanda zan yi fushi da shi cikinsu, ban samu ba.

A ƙarshen shekarar gwamnati ta ce aikin haihuwa ya zama kyauta, a 2006 aka ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Na yi murna, amma koramar na nan inda take. Yau akwai salula da kabu-kabu, da sola a bakin masallaci. Lakwal ɗinmu kuwa har yanzu rumfar kara ce, ba a fara karatu sai an yi girbi an samu karan. Samari da sun kai hatsi rumbu sun yi gaba. A 2013 da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, ban tambayi me ya fitar da su ba. Na san abin. Duk da haka, duk ranar da aka yi ruwan shuka ina birni, ƙanshin ƙasa kan hana ni barci.

Ranar komawata Baba ya raka ni har tashar Mirriya. Ya miƙo mini ƙullin sabon wake in kai wa Kawu, ya yi shiru, can ya ce: "Ka yi karatun likita in Allah ya yarda. Amma in ka gama, nan za ka dawo."

Na ce, "To, Baba."

Yadda na yi da wannan alkawari, da abin da ya same ni a gidan Kawu a shekara ta biyu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.